Ajin Laka a Zauren Baba

Markar bana ta hana ni sakat. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ga ni kwance a shagon wani abokina a Ƙofar Gayan, babur ɗin da nake haya da shi na jingine, ba fasinja, ba ma man da zan zuba masa, sai ruwa yaf-yaf tun safe. Shekaranjiya katangar wani tsohon gida da ke bayanmu ta zube. Da na leƙa kallo sai na ga guntun zane kwance cikin taɓo, rabin dagi, ƙullin nan da ake yi a fuskar gidaje, yara suna ta tsalle a kai. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai na ji cikina ya yi ƙugi, alhali ban daɗe da cin abinci ba. Ni dai har yau in na shaƙi warin laka yunwa nake ji. In yunwar ta lafa, sai kunya ta zo ta zauna a wurin.

Abin ya samo asali ne tun daminar da aka sallami Baba daga aiki, lokacin da aka yi ta rage ma'aikata. Baba mai zana taswirar gine-gine ne a ma'aikata. 'Yan unguwa Injiniya suke ce masa, ko da yake ba injiniya ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi ne ba. Rana ɗaya ya dawo gida tun kafin azahar da rularsa da fensirorinsa a hannu, ya shiga ɗaki ya kwanta. Mu kuwa 'yan birni ne, cin albashi muka sani, ba gona, ba rumbu. Daminun da suka wuce ruwa bai yi ba, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A waccan shekarar kuma sai ruwan ya dawo kamar da fushi.

A shekarar ce ni ma na bar makaranta, ina aji biyu na sakandare. Ba kora ta aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Sai in fita da kayan makaranta in zarce tasha, in yini ina kallon motocin Kano da na Kaduna, ina taya 'yan kamasho kiran fasinja. Da Baba ya gane, bai dake ni ba. Ya dai dube ni ya ce yanzu gidan ya samu marasa aiki biyu. Da ma dukan ya yi.

Ga yadda yini yake a gidanmu a lokacin. Da asuba Inna za ta shiga yaƙi da jiƙaƙƙen ice, tana hurawa tana tari, idonta ja kamar ta yi kuka, har ta samu ta dama koko. Kokon tsararo ne, kana iya ganin gindin kofin, ba ƙosai, ba sukari. Daga nan ni da Baba mu hau saman soro mu duba inda ya tsage, mu cusa ƙasa mu tattake, mu fitar da ciyawar da ta toshe indararo. Duk da haka in ruwa ya sauko sai ka ga tasa da kwano da bokiti an jera a tsakar ɗaki, kowanne da irin ƙararsa. Tabarmi ba sa bushewa. Kayan sawa warin gumi da sanyi. Abincin rana kuwa, tun farkon damina aka daina zancensa. Ba wanda ya ce an daina, kawai dai azahar za ta yi ta wuce.

Na dare ne ake yi wa shiri, kuma ba don cikinmu ba. A layinmu magidanta ciyayya suke yi. In an yi sallar magariba, kowane gida zai fito da kwanonsa, a haɗu a dakalin Malam Iro tela, maƙwabcinmu na jikin katanga, a zauna a ci na wannan a ci na wancan. A nan ake sanin halin da kowane gida yake ciki ba tare da an tambaya ba. To Inna ta yi rantsuwa a ranta cewa kwanon mijinta ba zai fasa fita ba. Sai ta tsame garin da ya fi kyau ta tuƙa tuwo malmala biyu, ta yi miyar kuka da daddawa sosai, ta ɗiga ɗan mai a sama yadda zai yi ƙyalli. Wannan na waje ne. Na cikin gida kuma fate ne, ruwa da rama, tsaki nan da can. Ni ne mai ɗaukar kwanon. In ɗauko shi da zafinsa, ƙamshin na shiga hancina, in bi bayan Baba in dire a gaban mutane, in koma in sha fate. Ina jin Malam Iro na cewa ai tuwon gidan Injiniya ko a gidan gwamna sai haka. Baba ya yi dariya ya ce a ci dai, a ci.

Wannan kwanon shi ne rufin asirinmu. Duk abin da muka yi a daminar nan, don shi muka yi.

Matsalar ita ce rana. Ni ina iya fita in shiga gari in manta. Amma ƙannena, Sadiƙu da 'yar autarmu Hindatu, yara ne, kuma ana hutu. Da azahar matar Malam Iro za ta jefa albasa cikin mai, ƙamshin ya tsallako katanga ya shigo har ɗaki. Sai ka nemi yaran ka rasa. Wata rana Hindatu ta dawo daga maƙwabta bakinta sharkaf da manja. Inna ta kama ta tana duka, ita mai dukan hawaye, wadda ake duka hawaye. Baba yana ɗaki yana ji.

Washegari da aka idar da azahar sai ya ce kowa ya zo zaure, har da ni. Ya ce daga yau akwai karatu. Na zaci lissafi ne ko Turanci. Sai ya ce in ɗauki bokiti in je bayan gida in ciko shi da laka.

Haka ajin laka ya fara. Abokaina ne suka raɗa masa sunan. In sun zo wucewa sai su leƙo su ce, Magaji, ka bar sakandare ka koma firamaren laka, wace shekara za ka gama? Ni ƙato da ni, zaune tsakanin yara biyu, hannu dumu-dumu. In sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Amma Baba da gaske yake yi. Ya fara ne da ɗakin marigayiya kakarmu, wanda aka mayar wurin ajiye tarkace. Ya sa muka janye buhunan banza da karyayyen gado, ya haska fitila a bango. Ashe akwai zane a wurin tun ban zo duniya ba, ban taɓa lura ba. Layuka ne masu kauri, masu zurfi, ba launi ko ɗaya. Ya ce mu rufe ido mu bi da yatsa. Ya ce irin wannan shi ne na da, da hannu magini yake fitar da shi tun ƙasar tana ɗanya, kuma a ciki ake yi, ba a waje ba, don mai ɗakin aka yi, ba don mai wucewa ba. Ya kama yatsan Hindatu ya sa a wani ɗan rami, ya ce nan babban yatsan maginin ne, mutumin ya mutu tun kafin a haifi kakarta, ga yatsansa bai mutu ba. Hindatu ta fizge hannunta, wai tsoro take ji.

Dokarsa ɗaya ce. In ya nuna abu, ba ya son a ce yana da kyau. Sai ya ce kyau ba amsa ba ce, ku faɗa mini abin da kuka gani. Sadiƙu ya ce ya ga maciji ya haɗiye wutsiyarsa. Hindatu ta ce ta ga alkaki. Baba ya ce to, shi ma gani ne.

Wani makon ya buɗe adaka ya fito da babbar rigar kakanmu, tsohuwar saƙi mai nauyi, tana warin kanumfari. Ya shimfiɗa ta a tabarma ya nuna mana aikin zaren gaban, ga zanen aska, ga na tambari, ga dagi. Sannan ya ce mu ɗaga kai mu dubi saman ƙofar zaurenmu. Su ne dai. Ya ce daga jikin riga zanen ya hau bango, maginan sun ga abin da maɗinka suke yi suka ce mu ma gida riga za mu sa masa. Mun yi kwanaki muna kwaikwayon rigar nan da laka a kan wani tsohon ƙyaure. Sadiƙu hannunsa ya faɗa, nawa kuwa kullum kamar tsutsa ta bi ta wurin. Sai wata rana muka zo aji ba riga. Sadiƙu ya tambaya, Baba ya ce an gama wannan darasin. Da safen ranar na ga dillaliya ta fita daga ɗakin Inna da ƙunshi a hammata. A makon nan kwanon waje har da nama ya fita da shi.

Abin da ban gane ba a lokacin, ajin yana farawa ne daidai sanda albasar maƙwabta ke shiga mai, kuma ba ya tashi sai an kira la'asar, sanda an wanke kwanuka a kowane gida. In cikin wani ya yi ƙara, Baba sai ya ɗaga murya. Ruwa na zuba a waje, zauren duhu, sanyi na shiga ƙashi, shi kuma yana ta bayani kamar a gaban manyan ɗalibai. Wani lokaci in ga sai ya dafa bango kafin ya iya miƙewa. Ni na ɗauka tsufa ne.

Daga nan ya zo kan zamanin da jirgin ƙasa ya iso, 'yan kasuwa suka yi kuɗi da gyaɗa da auduga. Ya ce a nan ne zane ya fito daga ɗaki ya hau fuskar gida, don mai gida yana son mai wucewa ya san an samu. Kuma duk abin da ya shigo gari sabo sai ya hau bango: takobi da bindiga, sannan agogo, sannan mota, daga baya aka koma siminti ana kankarewa ana shafa fenti. Ya ce in ka iya karanta fuskar gida za ka faɗi zamanin da aka gina shi ba tare da ka tambayi kowa ba. Ya ce akwai wani gida a Ƙofar Kuyambana da aka zana keke a gabansa, da ƙafafunsa da sirdinsa, don lokacin keke shi ne ƙarshen arziki.

Sadiƙu ya ce shi bai yarda ba, wa zai zana keke a gida, ai sai a yi masa dariya. Hindatu ta ce ita dai sai ta gani. Baba ya ji daɗin gardamar. Ya ce in Allah ya ɗauke ruwa gobe, a can za a yi aji.

Ruwan kuwa ya ɗauke bayan azahar. Muka kama hanya ta lungu, muna tsallake kwatami, taɓo har idon sawu. Takalmin robar Baba ya tsinke a hanya, ya riƙe shi a hannu. Wandonsa ya ɓaci har gwiwa. Ni na goya Hindatu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Rana ta ɗan leƙo, ƙasa na tururi, jiri na ɗibata sama-sama don tun kokon safe ba abin da ya shiga cikina.

Gidan na nan, kuma keken na nan. Babba ne, a saman ƙofa, dagi ta ko'ina ya kewaye shi, gefe ɗaya ruwa ya fara cinye ƙafar baya. Sadiƙu ya saki baki. Baba ya jera mu a gaban ƙofar, ya ce kowa ya tsaya ya duba da kyau, kada wanda ya yi magana sai ya gama gani. To ka san yadda muke a tsaye: mutum babba ba takalmi, da yara uku busassu a jere, duk taɓo, mun zuba wa ƙofar gidan mutane ido, shiru, a daidai lokacin rabon abinci. Kuma a shekarar mutanen ƙauye da yunwa ta koro sun cika birni, haka suke tsayawa a ƙofofi, su ma ba sa cewa komai.

Na ga labulen zaure ya motsa. Can sai ga wata yarinya ta fito da babban kwano a rufe. Ta durƙusa a gaban Baba ta ajiye.

Ta ce, "Wai in ji Hajiya, a ba yara. Wai Allah ya kawo sauƙi."

Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Baba ya buɗe baki ya ce, "A'a, 'yata, ai mu ba..." Sai ya tsaya. Hindatu ta riga ta tsuguna. Ba ta taɓa kwanon ba, ta dai sa hannayenta biyu a bayanta ta riƙe, kamar mai tsoron kada su tafi da kansu, tana kallon Baba. Murfin bai rufu sosai ba. Dambu ne, da zogale, man gyaɗa har yana naso.

A daidai nan na ji ƙarar sarƙar keke a bayanmu. Na waiga. Malam Iro ne, ya dawo daga kai ɗinki. Mutumin da ko akuya ya gani sai ya tsokane ta. Ya rage gudu, ya ga Baba, ya ga ƙafarsa, ya ga kwanon, ya ga yarinyar a durƙushe. Sai ya kawar da kai ya dubi katangar ɗaya gefen, ya taka kekensa ya wuce ba sallama. Baba ma ya gan shi.

Baba dai ya dubi yarinyar ya ce, "Ki ce mun gode. Allah ya saka." Sannan ya ce mana, ba tare da ya kalle mu ba, "Ku zauna ku ci. Ku yi bisimilla."

Shi kuma ya juya mana baya, ya matsa jikin bangon, ya ɗaga kai ya ci gaba da darasi. Yana cewa a lura, maginin nan bai taɓa hawa keke ba, don ya manta da sarƙa, kuma feda ɗaya ya yi. A lura da yadda ya cika wurin da ya rage da dagi don ba ya son bango ya zauna tsirara. Muryarsa lafiya lau, kamar a zaurenmu. Ba wanda yake sauraro. Mu muna ƙasa mun kewaye kwano.

Na so a ce na ƙi ci. Na yi niyyar in tashi in bar wurin, in nuna ni babba ne. Amma hannuna ya riga ni. Na ci, kuma na fi kowa ci, har ina ture hannun Sadiƙu. Ban taɓa cin abu mai daɗin dambun nan ba, kafin ranar da bayanta, na kuwa zaga, Kano, Legas, har Kwatano. Ina ci ina jin muryar Baba a saman kaina tana zancen sirdi, ina kallon dugadugansa a cikin taɓo, duk faso. Ba wanda ya ce masa ga shi. Sai da muka suɗe kwanon tas na tuna shi ma kokon safe ne a cikinsa.

A hanyar dawowa Hindatu ta yi barci a bayana. Muna shiga gida Sadiƙu ya faɗa wa Inna komai, da murnarsa, har da feda ɗaya. Inna ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zaninta. Ta tambayi Baba ko wani ya gani. Ya ce Iro ya gani.

Duk da haka ta tashi ta tuƙa tuwon. Ta ma fi kyautata shi a ranar, ta juye ɗan man da ya rage gaba ɗaya a kai. Da aka idar da magariba na zo zan ɗauka kamar kullum, sai Baba ya ce in ajiye. Ya ce wa Inna ita za ta ci wannan, yau yana so ya ga ta ci a gabansa. Ta ce don Allah kada ya yi mata haka, me mutane za su ce. Ya ce abin da za su ce sun riga sun sani. Ya tsaya a kanta har ta kai loma baki, tana haɗiya da ƙyar.

Sannan ya ce in biyo shi. Na ce ba kwano fa, Baba. Ya ce ya sani.

Tsakanin ƙofarmu da dakalin Malam Iro ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Ban san yadda zan yi da hannayena ba, na sa su a aljihu, na fitar, na haɗa su a baya. Mutane sun riga sun zauna, kwanuka a tsakiya, an bar gurbin namu kamar kullum. Duk suka dubi hannuna, sannan kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Baba ya yi sallama ya tsaya, bai zauna ba.

Ya ce, "Jama'a, yau gidana babu. An daɗe ma babu."

Wani ya yi gyaran murya. Ina jin ruwa na ɗiga daga indararo.

Malam Iro ya jawo kwanonsa ya tura shi cikin gurbin namu. Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Injiniya, zauna mana, kana tare mana iska. Kai kuma Magaji, tsayuwar me kake yi kamar an zana ka a bango? Wanke hannu."

Baba ya naɗe ƙafa ya zauna. Na ga ya miƙa hannu, ya yanko loma ƙarama.